FILIN FASAHA: Daɗin Sautin Garmaho A Ƙarƙashin Faifai Ya Ke

 

A wannan makon za mu waiwayi wani tsohon abokin hira ne wanda da yawa daga cikinmu suka ɗauka an riga an yi masa jana'iza, watau garmaho da faifansa. Tun da kaset ya shigo, sa'an nan faifan CD ya biyo baya a 1982, daga bisani kuma wayar hannu ta haɗiye su duka, sai aka tura garmaho ƙarƙashin gado. To, ga shi ya sake ɗago kai. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta ba da lissafin cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho wajen miliyan 41 a ƙasar, alhali kuwa CD ya tsaya a wajen miliyan 33, kuma rabon da a ga faifai ya wuce CD tun 1987. Tsofaffin kamfanoni sun koma ƙera injin, wasu sababbi kuma sun cika kasuwa da ƙananan garmaho masu araha, masu kama da akwatin tafiya.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata mu tsaya a kan wannan magana shi ne, a gidaje da dama, daga Kano da Katsina har Sabo a Badun da Agege a Ikko, akwai faya-fayan da iyaye suka bari a cikin akwati. Akwai na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, akwai na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da na wasunsu. Irin waɗannan ba a komawa kanti a sayo su, domin an daɗe da daina buga su. Wanda ya fito da irin wannan gado ya ɗora a kan injin banza, cikin 'yan watanni zai iya cinye abin da ya shekara arba'in a ajiye lafiya. Ga shi kuwa mai saye idonsa a kan lasifika ya ke, ya ga girmanta, ya ji yadda ta ke girgiza ƙirji, ya biya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lasifika abin da aka ba ta shi ta ke faɗa, kuma mai ba ta ɗin yana can ƙasa, inda faranti ya ke juyawa, allura tana bi.

ABIN DA ALLURA TA KE JI

In ka ɗauki faifai ka duba shi a cikin haske, za ka ga kamar layuka ne masu yawa a jere. A gaskiya tsaga ɗaya ce tak a kowace fuska, ta faro daga baki tana naɗewa kamar gammo har ta kusa tsakiya. Da za a warware ta a miƙe, ta babban faifai mai inci 12 za ta kai kusan rabin kilomita, amma faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba. A jikin bangon wannan 'yar tsaga aka ajiye waƙar, ta hanyar lanƙwasa shi. Inda lanƙwasar ta yi faɗi sauti ya yi ƙarfi, inda ta zo a kai a kai sauti ya yi siriri. Allura, wadda a yau ƙwayar daimon ce da ido da ƙyar ya ke ganinta, tana bin tsagar tana karkaɗawa, a bayanta kuwa akwai ɗan maganaɗisu da naɗin waya masu mai da karkaɗawar ta zama lantarki. Lantarkin nan bai taka kara ya karya ba, batirin tocila guda ɗaya ya ninka shi wajen sau 300. Saboda haka sai an ninka shi sau dubbai kafin ya iya motsa lasifika.

To, a nan gizo ya ke saƙa. Allura ba ta da hankalin da za ta bambanta motsin da mawaƙi ya sa a cikin tsaga da motsin da ya zo daga wani wuri. Kyarmar injin da ke juya faranti, da gurzar ƙarfen da farantin ya ke zaune a kai, da takun mai wucewa, duk in sun iso gare ta waƙa ce a wurinta, kuma duk za a ninka su sau dubbai tare da muryar mawaƙin.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara dagula lamarin. Sa'ad da a ke yanka faifai, rage ƙarfin sauti mai kauri a ke yi da gangan, domin da an bar shi yadda ya ke, da tsagar ta riƙa yin faɗin da waƙa biyu ma ba za su shiga fuska ɗaya ba. Tun 1954 kamfanonin Amurka suka daidaita a kan ƙa'ida guda ta wannan ragi, sauran duniya kuma ta bi. In an zo saurare, sai na'urar ƙara sauti ta mayar da abin da aka rage, ta ƙara wa mafi kaurin sauti kamar ninki goma a kan na tsakiya. Gurnanin ƙarfe da kyarmar inji kuwa daidai wannan wuri suka fi zama. Ashe ke nan injin da ba a ƙera shi da kyau ba, aibinsa ne a ke fi ɗaga wa murya.

JUYIN FARANTI

Thomas Edison ne ya fara ɗaukar murya ya kuma sake kunna ta a ji a 1877, amma a jikin wani abu mai siffar gwangwani. Faifai mai faɗi irin wanda muka sani na Emile Berliner ne, wanda ya yi rajistarsa a Amurka a 1887. Garmahon Berliner na farko da hannu a ke juya shi, saboda haka daɗin waƙa ya dogara ga natsuwar hannun mai juyawa. Sai a 1896 wani maƙeri mai suna Eldridge Johnson ya yi masa inji mai sifirin, wanda a ke wanawa, da wasu 'yan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa in gudu ya yi yawa su taka birki. Dattawan da suka ga wannan zamani za su tuna yadda muryar mawaƙi ta kan fara ja, ta yi kauri kamar mai jin barci, da zarar sifirin ya fara saki, har sai yaro ya ruga ya sake wanawa. Duk karatunmu na yau yana cikin wannan abin da suka gani: tsayin murya a faifai ɗaure ya ke da saurin juyi.

Tsohon faifai yana juyi 78 a minti. Kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi a 1948, RCA Victor kuma ya fito da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Babban nan kowane zagaye sakan 1.8 ya ke ɗauka. In faranti ya ƙara sauri da kashi 6 cikin ɗari, kowace murya za ta hau rabin mataki. Amma in ƙarin ya tsaya a wuri ɗaya, kunne ya kan saba, mutane da yawa ma ba za su lura ba. Abin da kunne ba ya yafewa shi ne saurin ya riƙa hawa yana sauka. In a hankali ya ke yi, sai ka ji waƙa tana tangaɗi. In da sauri ya ke yi, sai ka ji murya tana makyarkyata kamar ta mai zazzaɓi. Injin kirki ba ya barin wannan hawa da sauka ya wuce kashi ɗaya cikin dubu.

Turawa da kiɗan fiyano su ke gwada wannan, domin muryarsa ba ta lanƙwasa. Mu ma muna da namu ma'auni. Kada ka gwada da kalangu, gama shi makaɗinsa da kansa ya ke matse tsirkiya yana saki don murya ta hau ta sauka, sai aibin inji ya ɓuya a ciki. Nemi faifai mai algaita, inda mai busa ya ke riƙe murya ɗaya ya daɗe bai yanke ba, ko mai goge inda a ke jan izga a hankali. In inji yana tangaɗi, nan take asirinsa zai tonu.

Hanyoyi uku maƙera suka bi don isar da ƙarfin inji ga faranti, kuma kowane allazi da nasa amanu. Ta farko ita ce 'yar tayar roba da a ke matsawa tsakanin sandar inji da cikin bakin faranti. Shahararre a nan shi ne Garrard 301, wanda aka fara yi a garin Swindon na Ingila a 1954, sai kuma manyan injinan EMT na Jamus. Gidajen rediyo sun so su ƙwarai, domin suna da ƙarfi, kuma da an taɓa su sun kai cikakken gudu, abin da mai gabatar da shiri ya ke bukata ke nan. Illarsu ita ce tayar da ke kai ƙarfi ita ce kuma gadar da kyarma ke bi ta hau faranti. In robar ta tsufa ta bushe, ko aka bar ta a matse har gefe ɗaya ya lotsa, sai ka riƙa jin wani bugu yana maimaituwa a ƙarƙashin waƙa.

Ta biyu ita ce bel na roba. A 1961 wani Ba'amurke, Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research, ya fito da injin da ya zama abin koyi har yau. Ya ware injin lantarkin gefe guda, ya haɗa shi da faranti da siririn bel mai taushi, wanda ke kai juyi amma ya shanye kyarma a hanya. Sa'an nan ya ɗora faranti da hannun allura a kan ƙarfe ɗaya, ya rataye su a kan sifirin uku, ta yadda ko an bugi akwatin, su biyun tare za su motsa, allura ba za ta san an yi ba. Sauran aikin nauyin faranti ne ya ke yi. Duk wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana kaɗi ya san amfanin gululun da ke jikin mazari: nauyin nan shi ke sa mazari ya ci gaba da juyawa sumul bayan yatsa ya saki. Haka faranti mai nauyi, musamman in nauyin a bakinsa ya taru, ya ke share 'yan tuntuɓen inji kafin su kai ga kunne.

Farantin nan kuwa duk nauyinsa a kan sanda ɗaya ya ke, wadda ƙarshenta ke zaune a kan ƙwayar boris ko wani ɗan ƙarfe mai santsi, cikin ɗigon mai. Wannan wuri ba a ganinsa, ba a kuma tallarsa, amma shi ne zuciyar injin. In sandar ta yi sako-sako faranti zai yi rawa, in ta matse zai yi gurnani. A kan wannan ne wani mutumin Gilasgo ta Sikotilan, Ivor Tiefenbrun, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙere-ƙeren ƙarfe, ya kafa kamfanin Linn a farkon shekarun 1970 da injinsa Sondek LP12. A lokacin, abin da masana su ke cewa shi ne kowane inji ɗaya ne muddin yana juyawa daidai, lasifika ce mai bambanta sauti. Shi kuwa ya bi kantuna yana jayayya cewa abin da ya ɓace a wurin allura babu lasifikar da za ta dawo da shi. 'Yan kasuwa sun wuce gona da iri da wannan magana daga baya, har a ke sayar da inji a kan kuɗin mota, amma asalinta gaskiya ce. Mai son gwada boris ɗin injin gwanjo ya cire bel, ya juya faranti da hannu, ya kasa kunne. Na kirki zai daɗe yana juyawa shiru, kuma bakinsa ba zai riƙa hawa yana sauka ba.

Hanya ta uku daga Japan ta fito. Wani injiniya na kamfanin Matsushita, Shuichi Obata, ya kawar da robar gaba ɗaya, ya sa sandar injin lantarkin ta zama ita ce sandar faranti, injin da kansa yana juyi 33 da sulusi. Technics SP-10 ke nan, na shekarar 1970. Tun da injin a hankali ya ke juyawa, kyarmarsa kaɗan ce, babu kuma bel da zai saki. Nasa aibin shi ne injin lantarki taki-taki ya ke ja, daga wannan maganaɗisu zuwa wancan, kuma in ba a ƙera shi da kyau ba a kan ji takun. Maganin da aka yi shi ne wata na'ura da ke auna gudu a kowane lokaci tana gyarawa. A SL-1200 MK2 na 1979 an ɗaure gudun da irin ƙwayar dutsen nan da ke riƙe lokaci a agogon hannu mai batir, har kamfanin ya rubuta cewa tangaɗinsa bai wuce kashi 0.025 cikin ɗari ba. Ƙarfinsa ne ya sa masu kiɗan rawa a birnin New York suka rungume shi, suna riƙe faifai da hannu suna ja gaba da baya, faranti bai fasa juyawa ba. An daina yin sa a 2010, masoyansa suka matsa, aka dawo da shi a 2016.

Masu kunnen wannan harka a Turai sun shekara hamsin suna gardama a kan wanda ya fi tsakanin mai bel da maras bel. Ni a ganina, a wurinmu nan wutar lantarki ta riga ta raba gardamar. Da yawa daga cikin injina masu bel, injin lantarkinsu bugun wutar gida ya ke ƙirgawa ya san saurin da zai yi. Wutar Nijeriya, kamar ta Turai, sau 50 ta ke bugawa a sakan, ta Amurka kuwa sau 60. In ka sayo irin wannan inji a kayan gwanjon Amurka, ko ka sa masa taransifoma ta rage ƙarfin wuta, bugun ba zai sake ba, sai ya riƙa juyi ƙasa da 28 maimakon 33 da sulusi. Shata zai koma wani mutum dabam mai murya kamar daga cikin rijiya. Sai an sauya 'yar tayar da ke kan sandar injin kafin ya daidaita. Ko da na Ingila ne, in janareto ka ke amfani da shi, duk sa'ad da firiji ya tashi janareto ya nisa, waƙa ma za ta nisa tare da shi. Injin da ke ƙirga lokacinsa da kansa bai damu da wannan ba, ko mai bel ne ko maras bel, saboda haka tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ke nan. Bugu da ƙari, zafin ƙasarmu ba ya raga wa roba, bel ya kan saki da wuri.

A nan akwai wani tarko. 'Yan ɗige-ɗigen da ke bakin wasu farantai an yi su ne don duba gudu: in fitila ta haska su suka yi kamar sun tsaya cik, gudu ya yi daidai. Amma in fitilar da injin duk bugun wutar gida su ke bi, tare za su kauce, ɗigon kuma ya tsaya cik yana yi maka shaidar zur. Gara ka sa manhajar auna juyi a wayarka, ka ɗora ta a kan faranti ta faɗa maka.

Wani tangaɗin kuwa ba laifin inji ba ne. In hudar tsakiyar faifai ta kauce da rabin milimita kawai, inda allura ta ke santimita 10 daga tsakiya gudun tsaga zai riƙa hawa da sauka da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane zagaye, watau ninki biyar na abin da a ke yarda wa injin kirki. Kamfanin Nakamichi na Japan ya taɓa yin injin da ke auna wannan kaucewa ya gyara zaman faifan da kansa, a farkon shekarun 1980, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa. In ka ga kan allura yana lilo dama da hagu a kowane zagaye, to faifan ne, kada ka ɗauki inji ka kai wa mai gyara.

Game da akwatin da a ke ɗora duk wannan, maƙera sun kasu. Wasu suna bin sifirin irin na Villchur, wasu suna tara nauyi har mutum ɗaya ya kasa ɗauka, kamfanin Rega na Ingila kuma, wanda aka kafa a 1973, ya ce a yi shi maras nauyi amma mai tauri don kada kyarma ta sami wurin kwana. Ko wanne ka samu, kada ka ɗora shi a kan teburi ɗaya da lasifika. Lasifika za ta girgiza teburi, teburi ya girgiza allura, allura ta mayar wa lasifika, har abin ya zama kuka. Daɓen sumunti na gidajenmu ya fi daɓen katako na Turawa a nan. A tabbata kuma teburin bai karkace ba.

HANNU DA NAUYINSA

Aikin hannun da ke riƙe da allura aiki ne mai wuya. Ana so ya riƙe kan allura daram, don ƙwayar daimon kaɗai ta riƙa karkaɗawa, ana kuma so ya bi tsaga zuwa tsakiya ba tare da ya yi mata gardama ko kaɗan ba. Ga shi kuma injin da ya yanka faifan a miƙe wuƙarsa ta tafi daga baki zuwa tsakiya, hannu kuwa a kafe ya ke a gindi, baka ya ke zanawa. Saboda haka allura ba ta fuskantar tsaga sosai sai a wurare biyu tak. Masu lissafi biyu, Löfgren a 1938 da Baerwald a 1941, su suka nuna cewa in an lanƙwasa kan hannun, aka kuma sa allura ta ɗan zarce tsakiyar faranti, kuskuren zai ragu ƙwarai. A lissafin da aka fi bi, wuraren biyu suna milimita 66 da 121 daga tsakiya. Dalilin lanƙwasar nan da ka ke gani ke nan, ba ado ba ne. Sai dai lanƙwasar ta kan sa hannu ya riƙa rinjaya ciki, yana danna bangon tsaga ɗaya fiye da ɗaya, shi ya sa injin kirki ya ke da ɗan nauyi a jikin zare, ko ɗan sifirin, mai jan sa waje kaɗan. Waƙar ƙarshe a kowace fuska ita ta fi shan wahala, domin a bakin faifai tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun santimita 50 a sakan, kusa da tsakiya kuwa 20 kawai, lanƙwasar duk ta cunkushe. In kana son sanin ko an saita hannu daidai, waƙar ƙarshe za ka saurara.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ke raba faifan da zai kai ga jikoki da wanda zai mutu bana. Garmaho mai wani yana danna allurar ƙarfe da nauyin da ya haura giram 100. Faifan zamanin an yi shi ne don ya jure haka, da wani irin ƙaro aka yi shi, aka cakuɗa da garin dutse, don allura ta cinye maimakon tsaga. Shi ya sa a ke sayar da allurai a cikin 'yan gwangwanaye, ƙa'ida kuma ita ce a sake sabuwa bayan kowace fuska. Faifan roba na bayan 1948 kuwa taushi gare shi, kuma yawancin allurai na kirki tsakanin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi su ke so. Ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan hannu shi ne ke daidaita wannan, kamar dutsen sikeli. Giram biyu kamar ba kome ba ne, amma wurin da daimon ya ke taɓa tsaga ƙanƙane ne ainun, duk nauyin a nan ya ke taruwa.

Yanzu dubi ɗan akwatin nan mai araha. Yawancinsu ba su da dutsen sikeli a bayan hannu, nauyin da su ke dannawa ya kan ninka na injin kirki sau biyu ko fiye, kuma ba a iya rage shi. Farantinsu ƙarami ne maras nauyi, babban faifai rabinsa a iska ya ke. Lasifika kuma tana cikin akwati ɗaya da allura. Kusan duk abin da muka ce a guje wa, an tara shi wuri guda an sa masa marfi mai kyau. Araha dai ba ta ado. Ga sabon faifai wanda in ya lalace za a sayo wani, ruwan mai shi. Ga faifan gado kuwa, ban ga dalili ba.

Haka nan tsohuwar dabarar nan ta ɗora kwabo a kan allura in tana tsalle, gyaran gangar Auzinawa ce. Tsallen zai tsaya, amma an ƙara giram da yawa a kan abin da aka yi don giram biyu. Allura ba ta tsalle banza: ko dai datti ne a tsaga, ko teburi ya karkace, ko gindin hannu ya cije, ko allurar ta ƙare, gama ita ma daimon ɗin tana cinyewa bayan sa'o'i 500 zuwa 1,000 na aiki, ta koma wuƙa. Kada kuma tsoro ya sa a rage nauyi ƙasa da abin da kamfanin allura ya rubuta. Allurar da ba ta zauna sosai ba bugun bangon tsaga ta ke yi tana farfasa shi, ɓarnarta ta kan fi ta wadda ta ɗan yi nauyi.

Wanda ya buɗe akwatin gado ya fara rarrabe abin da ke ciki. Tsohon faifai mai juyi 78 yana da nauyi da tauri, yawanci inci 10 ne, waƙa ɗaya a kowace fuska, kuma in ya faɗi fashewa ya ke yi kamar tangaran. Tsagarsa ta ninka ta faifan roba faɗi wajen sau uku, saboda haka allurarsa dabam ce, in an sa masa siririya ƙasan tsaga za ta riƙa shara, ƙara ta fi waƙa yawa. Faifan roba kuwa kada a kuskura a ɗora shi a kan garmaho mai wani, sau ɗaya ya isa allurar ƙarfe ta huɗe shi. Wanda Allah ya sa yana da faifan da ba a samun irinsa, ya nemi mai injin kirki a kunna shi sau ɗaya a kwafe a kwamfuta, a riƙa saurare daga nan, shi kuma a mai da shi cikin rigarsa a jingine shi a tsaye, nesa da rana da rufin kwano.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda a ke wanke faifai, da abin da ƙurar hunturu ta ke yi masa.